Faifan yankan ƙarfe ya fashe bai taɓa kowa ba, me ya rage a yi?

Tambaya: Ina da shagon walda da yara huɗu masu koyon aiki. Makon jiya ɗayansu yana yanka bututu sai faifan injin ya tarwatse, wani ɓalli ya wuce ta gefen kunnensa ya huda kwanon shagon. Babu wanda ya ji ciwo. Na yi masa faɗa, muka sa sabon faifai muka ci gaba da aiki. Shin akwai sauran abin da ya kamata in yi?

Amsa: Malam, barka da arziki, yaronka ya tsallake rijiya da baya. Sai dai ina roƙonka ka koma ka tsaya gaban wannan hudar, ka gwada tsayinta da fuskar yaron, domin ɓallin da ya keta kwano ba zai bar ido ko jijiyar wuya ba.

Gefen faifan yanka yana iya gudun mita 80 a daƙiƙa ɗaya, wato kusan kilomita 290 a sa'a. Kowane faifai an rubuta masa iyakar juyin da zai ɗauka a minti: ƙarami mai inci huɗu da rabi yakan ɗauki 13,300, babba mai inci tara kuwa wajen 6,600 ne kawai. Ƙaramin injin hannu yana juyi wajen 11,000 a minti, saboda haka wanda ya cire murfin kariya ya ɗaura masa babban faifai ya kusa ninka abin da faifan zai jure, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke neman wargaza shi sau huɗu yake ninkawa. Ko da lambobin sun dace, faifai yana fashewa idan yanka ya matse shi saboda ba a ɗaure bututun da kyau ba, ko an yi guga da gefensa alhali na yanka ne, ko ya taɓa faɗuwa ƙasa ya yi tsagar da ido ba ya gani. Akwai kuma ranar ƙarewar aiki a jikin zoben ƙarfen tsakiyarsa, yawanci shekara uku daga ƙira, domin ƙaron da ya haɗa shi yana raunana, musamman inda damshin damina ke samunsa.

Don haka ka nemo ɓallayen da suka rage da zoben, ka karanta lambobin, ka duba ko murfin yana jikin injin a ranar. Sannan ka zaunar da yaron, ba tare da tsawa ba, ya nuna maka yadda ya riƙe injin da inda ya tsaya.

A nan ne na fi damuwa da faɗan da ka yi. Yaron da aka yi wa faɗa don faifai ya fashe, gobe idan wani ya tsage a hannunsa ɓoyewa zai yi, ya mayar da shi cikin akwati, ɗan'uwansa ya ɗauka. A shekarar 1931, Herbert Heinrich, wani ma'aikacin inshora a Amurka, ya ƙiyasta cewa cikin haɗura 330 iri ɗaya, 300 ba sa raunata kowa, 29 rauni kaɗan ne, ɗaya ne mai muni. Masana sun yi ja da waɗannan alƙaluma, amma abin da ya hango gaskiya ne a kowane shago: haɗari yakan yi sallama sau da yawa kafin ya shigo, kuma yara ne suka fi jin sallamar. Idan suna tsoronka, ba za ta iso kunnenka ba.

Ka ajiye ɗan littafi a shago, duk wanda ya kusa jin ciwo a rubuta abin da ya faru da gyaran da aka yi, ka kuma gode wa wanda ya kawo labari a gaban sauran. Murfin kariya kada ya sake barin jikin injin, a zare waya daga wuta kafin canza faifai, sabon faifai kuma a bar shi ya yi juyi na minti ɗaya ba ya fuskantar kowa. Tabarau kaɗai bai isa wannan aiki ba, sai an ɗora garkuwar fuska a kansa, kuma kai za ka fara sa ta, domin abin da maigida ya sa shi yara ke sawa.