Tambaya Da Amsa: Tukunyar Suya Ta Lantarki A Kicin Ɗin Gida

A wannan fitowar wasiƙu uku sun haɗu a kan abu guda, wato tukunyar suya ta lantarki, wadda masu sayar da kayan kicin ke kira firaya, kuma wadda a yanzu ta fara samun gurbi a cikin kayan ɗakin amare. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ban canza ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce, kuma a cikin kayan ɗakina an haɗa mini da firaya mai cin lita 3 na mai. Na gwada soya ƙosai da ita sau biyu. Karo na farko ƙullun ya maƙale a jikin ragar, sai da na yi ta kankara da cokali. Karo na biyu kuma ƙosan ya sha mai har maigida ya kasa ci. Shin jabu aka saya mini, ko kuwa ba a yin ƙosai da ita ne?
Daga wata amarya a Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da zaman lafiya. Ina kyautata zaton tukunyarki lafiyarta ƙalau, domin abin da ya same ki shi ne ya same ni a ranar da na fara amfani da tawa. Na jera ƙullun ƙosai a cikin kwandon ragar tun yana sama, sannan na saukar da shi cikin mai, sai ƙullun ya zurara ta ƙofofin ragar ya soyu a jikin waya, na ɗago kwando da ƙosai sun zama abu ɗaya. Dalili shi ne waɗanda suka ƙera wannan kwando sun yi shi ne da tunanin busassun abubuwa kamar yankakken dankalin Turawa da cinyar kaza, ba da tunanin ƙullu mai ruwa irin na ƙosai ko fanke ba. Maganin abin mai sauƙi ne: ki fara nutsar da kwandon cikin mai ba komai a cikinsa, ki bari shi ma ya ɗauki zafi, sannan ki riƙa ɗiban ƙullu da cokali kina sakawa a hankali, hannunki kusa da man don kada ya fallatsa. Kafin ƙullun ya kai ƙasa bayansa ya kama, kuma idan an buga shi yadda ya kamata zai taso sama da kansa. Idan wani ya nemi maƙalewa, ki girgiza kwandon kaɗan bayan 'yan daƙiƙu.

Shan mai kuwa maganar zafi ce, kuma a nan ne nake so ki tsaya ki fahimci abin da ke hannunki, domin duk darajar wannan tukunya a wuri ɗaya take, wato maɓallin daidaita zafi. Mai ƙosan bakin hanya da ta shekara ashirin tana sana'a tana gane zafin mai da ido da kunne, tana janye itace ko ta tura shi gwargwadon buƙata. Wannan maɓallin shi ke yi miki aikin da ƙwarewarta ke yi mata. Lokacin da abinci ya faɗa cikin mai mai zafin digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas, ruwan da ke jikinsa yana tafasa nan take ya riƙa fita a matsayin tururi, kumfar nan da kike gani tana zagaye ƙosai ke nan, kuma wannan tururi mai fitowa shi ne ke hana mai kutsawa ciki yayin da bayan ƙosan ke yin ɓawo. Idan zafin ya yi ƙasa da yawa, ɓawon ba ya kamawa da wuri, suyar ta ɗauki lokaci, sai ƙosai ya zama soso. Idan kuma zafin ya wuce kima, baya ya ƙone alhali ciki ɗanye ne.

Saboda haka kada ki fara suya da zarar kin kunna. Ki saita maɓallin a kan 175, ki jira har fitilar da ke jikin tukunyar ta nuna cewa zafi ya kai, abin da yakan ɗauki kamar minti 10 ko fiye idan wuta tana da ƙarfi. Sannan ki guji cika kwando. Kowane cokalin ƙullu mai sanyi da kika saka yana sauke zafin man, kuma lita 3 ba ta kai man da ke cikin babban kaskon 'yan kasuwa ba, don haka tana saurin yin sanyi. Gara ki yi zubi huɗu ƙanana, kina ba man minti ɗaya ko biyu ya farfaɗo tsakanin zubi da zubi, da ki yi zubi biyu manya ki kwashe ƙosai mai naso. Haka dokar take ga awara da doya da cincin, sai dai cincin ya fi son zafi ƙasa kaɗan, kamar digiri 165 zuwa 170, saboda sukarin da ke cikinsa yana sa shi saurin yin duhu. Ita awara ki tsane ta sosai kafin ki saka, domin ruwa da mai mai zafi ba sa ga maciji.

Ki kuma duba cikin tukunyar da kyau, za ki ga layuka biyu da ke nuna mafi ƙarancin mai da mafi yawansa. Idan mai ya gaza layin ƙasa, ƙarfen da ke zafafa shi zai fito fili ya ƙone, wani lokaci ma ya tayar da wuta. Idan ya haura layin sama, zai tumbatsa ya zubo da zarar abinci ya shiga.

Tambaya: Malama, iyalina ta matsa in saya mata firaya kafin azumi. Damuwata ita ce wuta: a unguwarmu ba ta zama, idan ta zo ma wani lokaci ba ta da ƙarfi, kuma ƙaramin janareta gare mu. Akwai kuma wani ɗan'uwana da ya ce zai aiko mana da ita daga Amurka. Mece ce shawararki?
Daga wani magidanci a Kano

Amsa: Malam, ka yi daidai da ka fara tambaya kafin ka fitar da kuɗi. Yawancin irin waɗannan tukwane na gida suna jan wat 1,500 zuwa 2,200, wato sahunsu ɗaya da dutsen guga da butar dafa ruwa ta lantarki. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna fitila da fanka da talabijin bai kai wat 1,000 ba, saboda haka ba zai ɗauke ta ba ko kaɗan, kuma inbata ta gida ma, sai dai babba, za ta sha wahala ko batirinta ya ƙare cikin ɗan lokaci. A wutar gwamnati kuwa kuɗin bai kai yadda ake tsoro ba. Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, don haka tukunya mai wat 2,000 idan ta yi aikin rabin awa ba za ta wuce yunit ɗaya ba, ƙila ma ta gaza haka tunda tana ɗauke kanta duk lokacin da zafi ya kai inda aka saita.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne rashin ƙarfin wutar. An ƙera tukunyar ne don bolt 220 zuwa 240, kuma zafin da take bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda ƙarfin wutar ya faɗi. Idan wuta ta sauko zuwa bolt 180, tukunya mai wat 2,000 za ta ba da abin da bai fi wat 1,200 da 'yan kai ba, sai mai ya daɗe bai yi zafi ba, kuma da an zuba abinci ya kasa farfaɗowa, sai a ɗora wa mai girki laifin da ba nata ba. Idan haka wutar unguwarku take a yawancin yammaci, wato daidai lokacin shirin buɗa-baki, to a gaskiya kasko da gas sun fi muku alheri, kuma ka iya saya wa uwargida ɗan ma'aunin zafin mai na hannu, wanda zai ba ta mafi yawan amfanin da take nema a firaya da kuɗi kaɗan.

Idan kuwa ka saya, a jona ta kai tsaye a soket ɗin bango mai kyau. Tana jan kusan amfiya 9, kuma wayoyin jone masu araha da ake cika kasuwa da su suna ɗumama har su narke a ƙarƙashin irin wannan nauyi. Game da ta Amurka, ka roƙi ɗan'uwanka ya bar ta. Wutar gidajen can bolt 120 ce, kuma idan aka jona kayansu a tamu ba tare da taransifoma mai rage ƙarfi ba, nan take za su ƙone. Taransifomar da za ta ɗauki wannan nauyi kuwa babba ce mai tsada. Ko a wurin 'yan gwanjo ne, ka juya ƙasan tukunyar ka karanta lambar bolt da aka rubuta kafin ka biya.

Tambaya: Anti, sau nawa ya halatta in maimaita man da ke cikin firaya? Mai ya yi tsada, zubar da lita 3 ba ƙaramin abu ba ne. Kuma zan iya zuba manja ko man ƙuli a ciki?
Daga wata uwar yara huɗu a Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, na fahimci nauyin da kike magana a kai, kuma babu mai hankalin da zai ce ki zubar da mai bayan suya ɗaya. Sai dai ba zan ba ki adadi guda ba, domin man da aka soya dankali da shi ya fi daɗewa a kan wanda aka soya kifi ko kaza mai garin fulawa a jiki. Man da kansa zai gaya miki. Idan ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo, yana kumfar da ba ta kwanciya, yana warin ɓaci, ko ya fara hayaƙi a zafin da a da ba ya yi, to ya gama aiki, kuma ƙara sabo a kansa ba ya gyara shi, sabon ne ma zai lalace da wuri. Zafi da iska da ruwan abinci suna farfasa mai sannu a hankali su haifar da sinadaran da ba su da kyau ga jiki, shi ya sa ƙasashe irin su Jamus suka ƙayyade wa gidajen abinci matakin lalacewar da idan mai ya kai dole a zubar da shi.

Abin da ke tsawaita rayuwar mai shi ne kulawa bayan suya. Ki bari ya huce sarai, ki tace shi da rariya mai laushi ko ƙyalle mai tsabta don fitar da ɓurɓushin da ke ƙonewa a suya ta gaba, ki zuba a mazubi mai murfi, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa. Kada ki barbaɗa gishiri a kan abinci yana saman man, kuma man kifi ki ware shi daban. Wanda ya ƙare kada a tuttula shi a magudanar wanke-wanke, domin yana daskarewa ya toshe bututu.

Tataccen man gyaɗa da tataccen man ja na kamfani, wanda ake sayarwa a jarka da sunan man girki, su suka fi dacewa da wannan tukunya, domin suna jure zafi har sama da digiri 200 kafin su yi hayaƙi. Man ƙuli na gida ya fi ƙamshi, ni ma shi na fi so a miya da kan wake da shinkafa, amma da yake ba a tace shi ba yana saurin hayaƙi da kumfa, kuma kumfa a tukunya mai zurfi hatsari ce. Manja ɗanye ma haka, ga shi yana daskarewa a lokacin hunturu, kuma idan aka kunna tukunya a kan daskararren mai ƙarfen zai iya yin zafi fiye da kima kafin man ya narke ya rufe shi. Ki bar manja ga kasko.

Akwai wani abu game da dankali da doya da ya kamata ki sani. A shekarar 2002 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci idan ya soyu ko ya gasu a zafi mai yawa yana samar da wani sinadari mai suna akrilamaid, wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar. Gwargwadon duhun suya, gwargwadon yawansa. Don haka ki soya dankali a digiri 175 ko ƙasa, ki jiƙa shi a ruwa na ɗan lokaci bayan yankawa sannan ki tsane shi da kyau, ki kuma kwashe shi da zarar ya yi launin zinariya.

Tunda kin ce yara huɗu gare ki, ba zan rufe ba sai na roƙe ki abu ɗaya da babbar murya. Ki ajiye tukunyar a kan teburi mai ƙwari, can ciki kusa da bango, kada wayarta ta yi lilo inda ƙaramin hannu zai kai, domin yaro mai rarrafe idan ya ja waya lita 3 na tafasasshen mai ne zai biyo ta. Kada a ɗauke ta daga wuri zuwa wuri da zafinta, ko da an ɗauke wuta ana tsakiyar suya. A ɗaga kwandon kawai, a ƙarasa a kasko da wani man. Man yana riƙe zafi na sa'o'i bayan an kashe, don haka a rufe kicin. Idan kuma, Allah ya kiyaye, man ya kama da wuta, kada a watsa ruwa ko kofi ɗaya, domin ruwan zai nutse ƙasa ya rikiɗe tururi nan take, ya kumbura fiye da sau 1,500, ya watsa mai mai ci da wuta har rufin ɗaki. A kashe wutar lantarkin daga soket ko daga babban makunni idan hannu zai kai lafiya, a rufe tukunyar da murfin ƙarfe ko bargon kashe gobara, a bar ta a rufe har ta huce. Idan wutar ta fi ƙarfin haka, a fitar da yara, a ja ƙofa, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.