Ga mai tambayar wa zai gyara rufin gidan haya

Ƴar'uwa, da na ga kin ce ɗakinki na zuba, dillali kuma ya ce ki gyara da kuɗinki, wallahi sai da gabana ya faɗi. Kada ki fidda ko dala sai ya rubuta, ya sa hannu, cewa za a cire a kuɗin haya.

Mu a unguwar Zariya ta Maraɗi muke haya lokacin damanar 2024. Mai gidan yana Yamai, dillali ne ke karɓar kuɗi, kuma ranar 5 ga wata ba ta taɓa wuce shi ba. Tun da bazara nake nuna masa kwanon ya ci tsatsa, indararo ya karye. Kullum sai in sha Allahu. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi a ƙarshen Agusta silin ya rufto a kan katifar yara. Tsaye muka kwana, ruwa har idon sawu, ƙaramin yana ta tari a bayana, takardun makarantarsu duk sun jiƙe. Da safe na kira mutumin nan, sai ya ce ai gari duka haka ne, in gode Allah katanga ba ta faɗi ba. Ko sannu bai ce wa yaran ba. Muka ci bashin jaka 60 muka sa magini. Da muka zo tashi ya ce shi bai sa mu ba, har kuɗin ajiyarmu ya riƙe wai don fenti. Har yau in na hango babur ɗinsa raina ɓaci yake.

Rufi, katanga, tsagewar bango, duk na mai gida ne. Yashe masai ma nasa ne, in ba ku rubuta akasin haka ba. Naki shi ne kan famfo, ƙwan lantarki, makulli, da abin da yaranki suka fasa.

Ki ɗauki hoto yau, ki tura masa ta WhatsApp don kwanan wata ya fito. Ki nemi lambar mai gidan da kansa. Sau da yawa bai ma san ana zuba ba, dillali ya ci kuɗin gyaran ya yi shiru. Kada ki daina biyan haya don fushi, da shi za su kama ki. In ya ƙi, ku je wurin mai unguwa da shaidu.

Kuma don Allah ki janye gadon yara daga jikin bangon da ya sha ruwa, tun daren yau.