Ma'aikata uku sun koma aiki daga gida: me ke wuyan mai kamfani?

Wani Alhaji mai sayar da shinkafa, man girki da sukari a kan sari a nan Maradi ya aiko mana da tambaya. Kamfaninsa yana da rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF, yana da ma'aikata tara. Uku daga cikinsu ba sa zuwa biro yanzu: kontabul ɗinsa da ta yi aure ta tare a Tibiri, wani saurayi da ke karɓar odar ƴan kasuwa ta WhatsApp daga gidansu a unguwar Zariya, da wani da ke zaune a Katsina yana bin masu kawo kaya. Alhaji yana so ya sani ko zai iya daina biya musu CNSS, wato Kes, asusun inshorar ma'aikata, tunda ba sa zuwa, ya kuma yanke kuɗin mota, sannan ina ne matsala za ta iya ɓullowa.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Batun CNSS, amsar ita ce a'a. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ba ta duba inda mutum ya ajiye kujerarsa. Abin da take dubawa shi ne ko yana aiki ƙarƙashin umarninka da ikonka, kana biyansa. Kai ke faɗa wa kontabul abin da za ta yi da ranar da za ta gama, kai ke biyanta ƙarshen wata, to ma'aikaciyarka ce ko a Tibiri take ko a gefen teburinka. In ka sake wa takardarta suna ka ce aikin kwangila ne, ranar da rigima ta kai gaban sufeton aiki ba sunan takarda zai karanta ba, yadda kuke aikin zai tambaya.

Mu yi lissafin abin da kake son tsimi. A ce albashinta sefa 120,000. Kasonta na Kes shi ne 5.25 cikin ɗari, wato 6,300, kai ke cirewa ka miƙa. Kason kamfani 16.4 cikin ɗari, wato 19,680 a wata, kuma a cikinsa 2,100 kacal ne na haɗarin aiki. Kamfani mai ma'aikata ƙasa da 20 irin naka duk wata uku yake zubawa. In ka daina, bashi ne yake taruwa da tara a kansa, kuma Kes ba ta mantuwa. Lampon albashi, ITS, shi ma yana nan yadda yake: ka cire, ka kai wa ma'aikatar haraji a watan da ke biye, ka ba kowa takardar albashinsa.

Kuɗin mota kuwa, duba kwantiragi. In an rubuta shi a ciki, ko kuma shekara da shekaru yana fitowa a takardar albashi, kada ka yanke shi da baki. Ku zauna ku yi ƙarin yarjejeniya a rubuce, kowa ya sa hannu. Mu a ganinmu gara ka mai da shi kuɗin intanet da na wuta, domin abin da ma'aikaci ya daina kashewa a kabu-kabu yanzu yana kashe shi a sayen data da cajin waya. A rubuta adadin ƙarara, a ce jaka 10 ko 15 a wata, kada a bar shi "abin da ya samu".

Wannan ƙarin yarjejeniya ita ce ginshiƙin komai, kuma shafi ɗaya ya isa. A rubuta adireshin gidan da za a yi aikin, da awannin aiki, da ranar da mutum zai leƙo biro a mako, da kayan kamfani da aka ba shi har da lambar jikin kowanne, da kwanakin sanarwa in kana so ya dawo biro gaba ɗaya. Dalilin rubuta adireshi da awanni shi ne haɗari. A biro, in wayar wuta ta ja mutum akwai shaidu biyar. A gida babu kowa. Saurayin Zariya ya tashi haɗa batir da injin canza wuta saboda an ɗauke kuran, ya ƙone hannu da ƙarfe 11 na safe: haɗarin aiki ne ko na gida? In takarda ta nuna wannan ɗaki ne wurin aikinsa kuma 11 tana cikin awanninsa, magana ta yi sauƙi. Haka in ka aike shi banki ya faɗi da babur. Awa 48 gare ka ka kai rahoton haɗari, don haka ka gaya musu tun yau cewa ko ƙaramin rauni ne su sanar da kai a ranar, a rubuce.

Awannin aiki a doka 40 ne a mako, da hutun aƙalla awa 24 a jere, da konje na kwana 2.5 a kowane watan aiki. A nan ne masu kamfani suka fi zamewa ba da niyya ba. Ɗan kasuwa daga Dakoro yana turo oda ƙarfe 10 na dare, yaro yana amsawa, gobe ma haka, har da Lahadi. Kai kana ganin ai yana kwance ne a ɗakinsa. Shi kuwa wayarsa tana ajiye sa'ar kowane saƙo, kuma ranar da kuka ɓata, waɗannan saƙonni ne hujjarsa ta neman kuɗin ƙarin awanni. Sa saƙon amsa na kai tsaye a WhatsApp Business da ke cewa ana karɓar oda daga ƙarfe kaza zuwa kaza, abin da ya shigo bayan nan sai safiya. Kowa ya riƙa turo "na fara" da "na tashi" a rukuni ɗaya, ƙarshen wata a kwashe a takarda ya sa hannu.

Game da kontabul akwai abu biyu da ya kamata ka riƙe. In Allah ya kawo haihuwa, hutunta mako 14 ne, kuma zamanta a gida bai mai da hutun ya zama lokacin aiki ba. Kada a ce tunda kwamfuta na gefen gado ta ɗan duba lissafin wata. Nemi wanda zai riƙe tun ciki yana wata shida. Na biyu, gidan miji ne. Ba za ka faɗa ba sallama don duba aiki ba, kuma ba kowane yaron shago za ka riƙa aikawa da takardu ba. A tsai da mutum ɗaya da rana ɗaya, da sanin maigidan.

Yanzu sai takardu, inda muka fi so ka dage. Dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da Nijar ke ciki, ta wajabta ajiye littattafan lissafi da takardun hujja shekara 10, kuma a rufe lissafin shekara cikin wata huɗu bayan ƙarewarta. In masu binciken haraji suka zo, kai za su tambaya, a kamfani. "Suna Tibiri" ba amsa ba ce. Kwali ɗaya na rasitai a ƙarƙashin gado yana fuskantar gara, yoyon rufi a watan Agusta, da yaro mai neman takardar kunna gawayi. Saboda haka asalin takarda ba ya fita biro: faktocin masu kawo kaya, takardun duwan, takardun banki, littafin cek, da hatimin kamfani. Ma'aikacin da ke shago ya ɗauki hotonsu ko ya yi sikan kowace yamma, ya sa a jakar intanet ta kamfani, ya ba kowace suna da kwanan wata da lamba. Kontabul ta yi aiki da hoton. Ranar da take zuwa biro ta gwada abin da ta shigar da asalin takardun, ta jera su a fayil. Shi kansa lissafin kada ya zauna a kwamfuta ɗaya tak. Kwafi ɗaya a intanet, kwafi ɗaya a faifan ajiya da ke kulle a biro, a sabunta duk Juma'a, kuma sau ɗaya a wata a buɗe a gani ko yana buɗuwa, domin akwai masu ajiyar da sai ranar buƙata suke gane fanko ce.

Faktir ma haka. Kamfanin da ke ƙarƙashin tsarin SECeF, wato tsarin faktir ta na'ura na ma'aikatar haraji, faktir ɗinsa ita ce wadda ta fito daga na'urar ko daga shafin e-SECeF, mai ɗauke da alamar QR. Wadda saurayi ya buga a Excel a gida ya tura ta WhatsApp takardar farashi ce kawai. Mai saye ba zai iya cire TVA ta 19 cikin ɗari da ita ba, kai kuma ka sayar ba faktir. Tsarin da ya fi tsabta: shi ya karɓi oda ya ba ta lamba, faktir ta fito a shago, magaza ba ta sakin buhu ko ɗaya sai da ita.

Kuɗi ne wurin da amana take lalacewa a hankali. Ɗan kasuwar Tasawa ya saba da yaron, sai ya ce bari in tura maka ta Nita ko Amana ka kai wa Alhaji. Yau ya kai, gobe ya kai, jibi buƙata ta taso ya ara da niyyar mayarwa. Ba sai mutum ɓarawo ne ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ke karɓar oda ba ya karɓar kuɗi, wanda ke rubuta lissafi ba ya fitar da kuɗi. A buga lambar asusun kamfani a kan kowace faktir, a gaya wa abokan ciniki cewa kuɗin da aka tura wa sunan mutum kamfani bai san da shi ba. Duk biyan da ya haura wani adadi, a ce jaka 500, sai mutum biyu sun amince. In saƙo ya zo cewa mai kawo kaya ya sauya asusu, ko an ce "Alhaji ya ce a tura yanzu-yanzu" daga baƙuwar lamba, a kira tsohuwar lambar da aka sani a ji murya kafin a taɓa ko dala. A biro da kontabul za ta ɗaga kai ta tambaye ka. Daga Tibiri ba ta ganin fuskarka, masu damfara kuma sun san da haka.

Sai waya da bayanan mutane. Lambobin abokan cinikinka, littafin bashi, hotunan katin ɗan ƙasa na masu karɓar kaya bashi, albashin ma'aikata, duk bayanan sirri ne da doka ta kare. Nijar ta yi dokar tun 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke kula da ita. In suka fita, kamfani ake tambaya. Ka dubi yadda waya take rayuwa a gida: ƙane ya ara ya kalli ƙwallo, yara suna wasa da ita, an ɗauke wuta an kai ta wurin mai caji ta kwana cikin wayoyi talatin. Saya musu wayar aiki daban, layin kuma a yi masa rajista da sunan kamfani. Wannan batun layi kada ka raina shi: in da sunan yaron aka yi, ranar da ya tafi ya tafi da kasuwarka a aljihu, kuma kamfanin waya shi zai ba gaskiya. A kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, lambar sirri mai lamba 6 tana wurinka, a haɗa asusun da kwamfutar biro don ka riƙa ganin oda, a duba jerin na'urorin da aka haɗa duk wata. Kwamfuta ta kulle kanta bayan minti biyar, kowa da kalmar sirrinsa. Ƙaramin faifan sola da batir sun fi arha a kan abin da za ka rasa a teburin mai caji. Amma fa kada ka sa manhajar leƙen asiri a ɓoye. Abin da za ka duba a kayan kamfani, rubuta shi a yarjejeniya ya sani.

Mutumin Katsina lamarinsa daban ne, domin a ƙasar Najeriya yake aikin, kuma dokokin haraji da na aiki na can suna iya hawa kansa da kanka. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. In wakili ne mai zaman kansa da ke yi wa wasu ma aiki, ku yi kwantiragin wakilci, ya riƙa ba ka takardar neman biya, kontabul ta cire abin da doka ta ce a cire daga kuɗin wanda ba mazaunin ƙasa ba. In kuwa naka ne kai kaɗai, kana ba shi umarni kullum, to ma'aikaci ne, sai ka nemi masanin haraji da ya san ɓangarorin biyu kafin ka ci gaba. Ko wanne ne, kada ya sa hannu a ciniki da sunan kamfaninka a can, ya kawo magana kai ka ƙulla. Duk abin da ya kashe da naira a rubuta canjin ranar a jikin rasit, in ba haka ba ƙarshen shekara lissafi ba zai haɗu ba.

Ranar da ɗayansu zai bar aiki, a sauya kalmomin sirri na imel, jakar intanet, e-SECeF da banki kafin a yi sallama, ba bayan mako ba. A karɓi waya, layi da kwamfuta ana dubawa da jerin da ya sa wa hannu. A aika wa abokan ciniki saƙo cewa wane ya daina aiki da mu. Sannan a biya shi haƙƙinsa har da kuɗin konjen da bai ci ba, a ba shi takardar shaidar aiki, a sanar da Kes fitarsa.