Tuwon Inna da ya fito kamar dutse a hoto

Yarona, na ga hotuna ukun da ka turo min daren jiya, na kuma karanta tambayarka. Ka ce Innarka ta tuƙa tuwo da miyar ayoyo, gida duk ya ɗauki ƙamshin daddawa, amma da ka ɗauka sai tuwon ya fito toka-toka kamar dutse, miyar kuma tana ƙyalli kamar an zuba mata man inji. Kana so ka ji ko kyamarar shago ce ta tsufa, ko kuwa ka gyara launin a kwamfuta ka huta.

Kyamarar lafiyarta ƙalau. Da ita ka ɗauki taron suna a unguwar Aboabo makon jiya, kowa ya yaba. Haske ne ya ba ka matsala.

Ka kunna filashin da ke kan kyamara, ka harba wa kwanon haske daga gaba. Fuskar mutum tana iya jure wannan, abinci ba ya jurewa. Abin da ke nuna wa ido laushin malmala shi ne 'yar inuwar da ke kwanciya a gefenta da sawun mara a jikinta. Filashi ya share su duka. Ayoyo kuwa miya ce mai yauƙi, fuskarta kamar madubi take, duk hasken da ka jefa mata kai tsaye sai ta dawo maka da shi. Ga kuma ƙwan lantarkin ɗakin da ka bari a kunne. Haskensa rawaya ne, wajen 2700 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, na filashi kuma kusa da na rana yake, wajen 5500. Haske biyu masu launi daban a kwano ɗaya, in ka gyara ɗaya a kwamfuta sai ɗayan ya ɓaci.

Launin tokar da ya dame ka dalilinsa daban ne, kuma ka riƙe shi da kyau don zai yi maka amfani ranar da ka ɗauki ango cikin farar shadda. Ma'aunin hasken kyamara bai san tuwo ba. An gina shi ne ya mayar da duk abin da ya cika masa ido zuwa toka-toka tsaka-tsaki. In ya ga fari da yawa, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Kai ne za ka ƙara masa da hannunka, mataki ɗaya, wani lokaci ɗaya da rabi, har farin ya dawo fari amma sawun marar bai ɓace ba.

Yanzu ga yadda za ka yi. Nan Kumasi rana takan faɗi wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, saboda kusancinmu da tsakiyar duniya, tuwon gida kuma sai bayan magariba ake ci. Don haka ka roƙi Inna ta kwashe maka malmala ɗaya tun la'asar sakaliya, wajen ƙarfe 5. Ka ajiye tabarma ko ɗan benci a bakin ƙofa, cikin inuwa, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya. Kashe ƙwan ɗaki. Ka tsaya yadda hasken zai zo daga gefen kwanon ko daga ɗan bayansa. Ɗaya gefen zai yi duhu, sai ka jingina farin kwali ko murfin tukunyar alminiyam ya mayar da haske kaɗan. Ni da murfin tukunya na fi yi, don kowane gida akwai shi.

Duk wannan shirin da kwano wofi za ka yi shi. Ka saita komai kafin abinci ya zo, domin tururi ba ya jiran kowa. Minti ɗaya ko biyu ya tafi, tuwon ya fara yin fata, man jar miyar da ake ɗorawa a gefen ayoyo ya fara kwanciya. Tururi kuma ba ya fitowa a hoto sai haske na bayansa, abin da ke can baya kuma mai duhu ne, ko da bakin ƙofar ɗaki ne.

Sannan ka jira hannu. Tuwo a kwano shi kaɗai bai cika magana ba. Lokacin da aka yanko loma, aka tsoma, aka ɗago, yauƙin ya biyo ta kamar zare, haske ya ratsa shi ya yi kore shar, wannan ne hoton. Ka sa saurin ɗauka ya kai 1/250 na daƙiƙa don zaren ya tsaya cak. Ka durƙusa daidai inda idon mai ci yake. Ɗauka daga sama ka bar wa irin shinkafa da wake da ake zubawa a ganye, inda taliya da gari da ƙwai da shito, wato soyayyen yaji, kowanne ke da wurinsa.

Maganar gyara a kwamfuta, ban hana ka ba, amma iyakarsa ka dawo da abin da idonka ya gani. Wani gidan abinci ya taɓa sa ni in ƙara wa shinkafa da wakensu ja har ya koma kamar an rina shi, na ƙi, muka rabu a kan haka. Jan wake daga karan dafi yake fitowa, da 'yar kanwa, ja ne mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa layi da safe a Asawase ya san shi, kuma yana ganin na ƙarya zai gane.

Na lura a hoto na uku ka juye tuwon a farin farantin baƙi, ka ture kwanon samira na gidan gefe. Na hango bakinsa a kusurwa, inda fentin ya ɓantare. Dawo da shi. James Barnor, mai ɗaukar hoto ɗan Ghana da ya buɗe shagonsa Ever Young a Jamestown ta Accra a 1953, ya ɗauki manya har da Nkrumah, amma hotunansa na mutanen gari cikin harkarsu ta kullum suna cikin abin da duniya ke zuwa kallo yau.

Wannan ya taɓa ni ne saboda wani dalili. Na yi shekaru ina ɗaukar biki da suna da walima a Zango, tukwanen mutane ba adadi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ina da hotunanta na Sallah cikin atamfa da mayafi. Amma ba ni da ko ɗaya tana gaban murhu, ta dafe tukunya da ƙarafuna a ƙarƙashin ƙafafunta, muciya a hannu, zufa na gangarowa ta gefen ɗankwali. Kullum gani nake gobe ma za ta tuƙa.

Ka nemi izinin Inna tukuna. In ta ce ban da fuska, hannuwanta sun isa, kuma kada ka sa a Facebook sai ta gani ta yarda. Jibi ka tashi daga shago da wuri, ƙarfe 4, ka tafi da ƙaramin gilashin kyamarar nan mai milimita 50. Ka gaishe min da ita, ka kawo min katin kyamarar da safe mu duba tare.