Shakka daban, musu daban: kalmomin zancen sauyin yanayi

Wasiƙu biyu ne a gabana wannan makon. Ta farko daga wata malamar sakandare a Zariya: littafin da take koyarwa da shi ya raba "weather" da "climate", ita kuwa duk inda ta juya a Hausa "yanayi" take samu. Ta biyu daga wani mai fassara labarai a gidan rediyo: yana ganin a zancen sauyin yanayi Turawa suna kiran wasu 'yan siyasa "sceptic", wasu "denier", shi kuma duk "masu shakka" yake ce musu. Yana tambaya ko daidai yake yi.

Malama, gaskiyarki, kalmar ɗaya ce, amma Bahaushe ya daɗe da sanin bambancin. In mutum ya leƙa waje ya ce "gari ya lumshe" ko "yau gari da hazo", halin da aka wayi gari da shi yake faɗi, gobe yana iya canzawa. In kuwa ya ce "mu nan damina wata huɗu take yi, sai kaka, sai hunturu, sai bazara", ya koma zancen abin da ƙasa ta saba da shi shekara da shekaru. Masana sukan ɗauki matsakaicin shekara 30 kafin su ce ga yanayin wuri. Don haka ki ce wa ɗalibanki "yanayin gari" ga na farko, "yanayin ƙasa" ga na biyu.

Kada ki ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A watan Fabrairun 2015, Sanata James Inhofe na jihar Oklahoma ya shiga zauren Majalisar Dattawan Amurka da dunƙulen dusar ƙanƙara a leda, ya zaro shi ya nuna wa jama'a, wai ga shi waje sanyi ake yi, ina zafin da ake faɗi? A lokacin kuwa masana sun riga sun bayyana cewa 2014 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi. Yanayin gari na yini ɗaya ya ɗauko yana musun yanayin ƙasa da shi, kamar mai cewa babu bazara don ya ji sanyin asuba.

Akwai kalmar da ta daɗe tana damuna: "ɗumamar yanayi". A Hausa ɗumi abin so ne. Ruwan ɗumi ake ba jariri. Da hunturu yara sukan kewaye murhu suna jin ɗumi, uwa tana juya ɗumamen tuwo a tukunya. Wanda ya kwana a tsakar gida a Sakkwato cikin watan Afrilu, bango yana fitar da zafin da ya sha tun rana, ba zai kira abin da yake ji ɗumi ba. Ni "ƙaruwar zafin duniya" nake cewa. Turawa ma sun yi wannan ƙorafi a kan tasu kalmar: a 2019 jaridar Guardian ta Ingila ta umarci marubutanta su riƙa cewa "heating" (zafafa) maimakon "warming" (ɗumama). Kuma 'yan siyasa sun san nauyin kalma sarai. A 2002 Frank Luntz, mai ba jam'iyyar Republican ta Amurka shawara, ya rubuta musu cewa su fi yawan cewa "climate change" (sauyin yanayi), don bai kai "global warming" (ɗumamar duniya) tsoratarwa ba. Ba shi ya ƙirƙiro kalmar ba, masana suna amfani da ita tun kafin nan, amma ya zaɓe ta ne don ta kwantar da hankalin masu zaɓe.

Yanzu kai, mai fassara. A'a, ba daidai kake yi ba. Shakka, kokwanto da tababa duk halin zuciya ne da ba ta natsu ba, kuma hujja tana maganinsu. Mai shakka shi ne karen nan na karin magana da aka ce ana biki a gidansu, ya ce "in gani a ƙasa". Bai yi laifi ba, neman shaida ya yi, in ka zuba masa ya gani zance ya ƙare. Musu kuwa bayan an nuna yake zuwa. An zuba a ƙasa, ya gani, ya ce babu. In kana son kalma mai nauyi akwai "inkari" da muka aro daga Larabci, akwai kuma "ƙi-faɗi" ga wanda ya san an kayar da shi amma bakinsa ya ƙi amsawa. Kamfanin dillancin labarai na AP ya guje wa "denier" a 2015 saboda a kunnen Bature tana tuna masu musun kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. "Musu" ba ta ɗauke da wannan kaya a Hausa. Shugaban da ya rubuta a 2012 cewa 'yan China ne suka ƙago zancen zafin duniya, wato Donald Trump, kuma ya sanar da fitar da ƙasarsa daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2017 da kuma 2025, ka kira shi mai musun sauyin yanayi.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka liƙa wannan suna ga dattijon da ya ce "ikon Allah ne". Zauna da shi ka ji. Zai gaya maka shuka ta koma baya, ruwa yana zuwa da ƙarfi ya ɗauke da wuri, fadamar da ya yi kamun kifi a cikinta yana yaro yanzu gona ce. Wannan shaida yake bayarwa.

Ka kuma tambaya ko za ka iya rufe rahotonka da "wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba". Ban ba ka shawara ba. Karin maganar tana nufin wanda ya ƙi jin shi zai sha wuyar. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, kuma ba su ne suka ƙi ji ba. Ga gwamnatin da ta amsa da baki a taro ta koma gida ta yi shiru, ka ce ta yi kunnen uwar shegu, ko tana jan ƙafa. Mai sauraronka zai gane nan take.