Kafin ka ce fayil ya ɓace, wace saba kake kallo?

Na ga saƙonka tun safe, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce wata ta ajiye fayil jiya da yamma a foldar DFS ɗin da suke rabawa (tsarin Windows da ke haɗa foldojin kwamfutoci daban daban ƙarƙashin adireshi ɗaya), yau abokin aikinta na ɗaya reshen ya duba bai gan shi ba, ita kuma tana rantsuwa ga shi nan tana kallo, wai ko ka kwafo shi da hannu ka zuba a ɗaya gefen kowa ya huta. Kar ka kwafi komai tukuna yarona, riƙe hannunka.

Adireshin da suke buɗewa ɗaya ne, amma a bayansa saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe fayilolin, biyu ce ko uku, kowa ana tura shi wadda ta fi kusa da shi, to ita tana kallon wannan shi yana kallon waccan, babu mai ƙarya a cikinsu. Je kan kwamfutar kowannensu ka danna dama a foldar ka shiga Properties, akwai shafin DFS a ciki zai nuna maka sabar da yake kai a lokacin. Ko ka buga dfsutil /pktinfo. Daga nan sai ka buɗe kowace saba kai tsaye da sunanta ka duba da idonka.

In yana ɗaya babu shi a ɗayar, bai ɓace ba, kwafin da ke tsakaninsu ne ya tsaya ko bai iso kansa ba. Buga dfsrdiag backlog ka ga fayiloli nawa ne ke kan layi suna jiran a kwafe su, in dubbai ne ai ka ga amsarka. In layin babu kowa sai ka koma kan fayil ɗin kansa. Ta rufe shi kuwa? Muddin yana buɗe manhaja ta kulle shi ba zai tafi ba, kuma mutane sun iya barin Excel a buɗe su tafi gida. Sunansa fa? Duk wanda ya fara da ~ ko ya ƙare da .tmp ko .bak, DFSR, wato manhajar da ke kwafe fayiloli tsakanin sabobin, tsallake shi yake da gangan, haka aka saita shi tun asali. Akwai wanda ya taɓa cinye min yini guda cur, takardun da aka yi sikanin aka ajiye ne suka ƙi tafiya, sunansu lafiya izini lafiya layi babu kowa, ashe alamar Temporary ce manhajar ta bar musu, shi kuwa DFSR ba ya taɓa fayil mai wannan alamar. Sai da na cire ta da PowerShell suka wuce.

Leƙa Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, ɓangaren DFS Replication, ka duba lambobin saƙonnin. 2213 na nufin saba ta mutu ba shiri, ɗaukewar wuta misali, kwafin ya tsaya yana jiran ka tashe shi da kanka, umarnin ma yana rubuce a jikin saƙon. 4012 kuma na nufin sabar ta wuce kwana 60 ba ta gaisa da 'yar uwarta ba, wannan kam kira ni kafin ka taɓa.

Yana ko'ina amma shi kaɗai ne ba ya gani? Izini ne, in an kunna Access-based enumeration abin da ba ka da ikon karantawa ko sunansa ba za ka gani ba.

Inda hankali ke tashi shi ne babu shi a duka. Fara da bincika sunan a manyan foldoji, wallahi sau da yawa hannu ne ya zame da maus aka ja shi cikin foldar maƙwabta. Kar ka ɓata lokaci a Recycle Bin, abin da aka goge ta netwok ba ya zuwa can. Akwai ɓoyayyar folda DfsrPrivate, cikinta ConflictAndDeleted, in aka goge fayil a saba ɗaya ɗayar ce ke ajiye nata kwafin a nan, don haka can za ka duba ba inda aka goge ba. Haka in mutum biyu suka gyara fayil ɗaya a saba daban daban, na ƙarshe ne ke ci, na ɗayan a jefa shi nan, za ka ga lamba 4412 a Event Viewer. Sunayen a hargitse suke, Get-DfsrPreservedFiles zai faɗa maka wane ne wane, kuma ka hanzarta don wurin yana da iyaka, in ya cika tsofaffi ake fara sharewa. In sabuwar saba aka haɗa kwanan nan leƙa foldar PreExisting da ke cikin DfsrPrivate ma. Babu a nan sai Previous Versions, wato tsofaffin kwafin da Windows ke ajiyewa, ko bakof, don shi DFSR har gogewar yake kwafewa ya kai wa kowa.

Ka ga dalilin da na hana ka kwafa da hannu, in naka ya zama na ƙarshe kana iya danne gyaran da ta yi jiya. Turo min sunan sabar da kowa ke kai, adadin da ke layi da lambar da ka gani a Event Viewer, ina nan har la'asar.