Tambayoyinku Kan Fasaha: Allurar maleji ta kwanta, bakanike ya ce a sauya ƙwaƙwalwa

Tambaya: Malam, motata 'yar Amurka ce, ƙirar 2006, mai giya otomatik. Mako biyu ke nan allurar maleji ba ta tashi daga sifili. Bakanike ya ce ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, ce ta ƙone, sai an sayo wata. Na san harkarka wayar salula ce, amma ka taimaka. (Wani direba daga Funtuwa)

Amsa: Ɗan'uwa, motar 2006 ai kwamfuta ce aka ɗora wa tayoyi, don haka ba ka yi ɓatan kai ba. Sai dai wannan magana ta "ƙwaƙwalwa ta ƙone" tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum bai jona na'ura ba, bai taɓa waya ko ɗaya ba, ya leƙa da ido kawai ya yanke wa abin da ya fi tsada hukunci. Kai kuma har ka fara lissafin kuɗin, ko? In ƙwaƙwalwar ce ta ƙone da gaske, da wuya motar ta kawo ka gareji da ƙafarta.

Fara da abin da ba ka biya ko kwabo. Lambobin da ke ƙirga kilomita suna ci gaba da hawa? In suna hawa amma allura na kwance, saƙon gudu yana isowa, ƙaramin injin da ke juya allurar ne ya gaji, gyaran dashbod ne. In su ma sun tsaya, saƙon ne ya yanke a hanya. Giya na fizga wajen canzawa? Wannan alamar sensar gudu ce, wato 'yar na'urar da ke auna gudu, wadda ke jikin giyabos. Fitilar ABS, wato ta tsarin birki, ta kama? To duba sensar tayoyi, domin motoci da yawa daga can suke karɓar lissafin gudu. Laka, ruwan damina ko ɓera sun isa su raba wayar da soket ɗinta. Fis kuma ba sai na faɗa ba.

Sannan abin da kullum nake naci a kai: kowane mai mota ya mallaki ELM327. Ƙaramar na'ura ce da ake sokawa a ramin OBD2 mai hakora 16 a ƙarƙashin sitiyari, ramin da doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996. Tana haɗuwa da wayar salula ta Bluetooth, ka buɗe manhaja irin Torque. In ka ga lambar matsala P0500, sensar gudu ko wayarta ake zargi. Ka ɗauki hoton lambar kafin wani ya goge ta. Sai ka ba wani mutum wayar salular ya riƙe, ka tuƙa. In wayar na nuna gudu allura na barci, ƙwaƙwalwa lafiyarta lau, ka bar ta. In wayar ma sifili ta nuna, mai rewaya ya bi layin da ya fito daga sensa kafin a sayi komai.

Masu tsohuwar Fijo 504, ku naku kebul ne ke juya allurar. Ya tsinke, ku sauya.

Tambaya: Zan iya amfani da waya a madadin maleji kafin in gyara? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Za ka iya. Manhajar Waze na nuna gudu, Google Maps ma akwai shi a saitin tuƙi. Ka kafe wayar a maƙali, kada in ji ka riƙe ta a hannu. Amma waya ba za ta gyara giyar da ke fizga ba.

Tambaya: Ba na wuce 60 a cikin gari, amma yarana suna cewa gudu nake yi. Malejin ne ya lalace? (Wata Hajiya daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, yaran sun fi ki gaskiya. Duba ko an rubuta MPH a fuskar malejin. In haka ne, mil kike karantawa, kuma mil 60 kusan kilomita 97 ne, alhali ƙa'idar cikin gari kilomita 50 ce. Ƙananan lambobin da ke zagaye na ciki su ne kilomita, su za ki riƙa bi.